Gonar da Ta Ci Burtali

Jama'a, yau da bakina na tozarta mahaifina a gaban dattawa.

Kun san ƙaton hoton tauraron ɗan'adam ɗin nan da na yi sati ina yayyankawa ƙanana-ƙanana don ya riƙa buɗuwa a taswirar intanet? To yau aka kira ni ƙauyenmu Karare, wurin zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya, in nuna inda burtali ya bi.

Na buɗe kwamfuta a zauren Mai Unguwa. Sabis ba ƙarfi, hoton yana fitowa gutsure-gutsure. Na jawo shi kusa, sai ga wata gonar gyaɗa ta shige cikin hanyar shanu.

Ni da rawar kai na ce, "Ko waye mai gonar nan, ba ya tsoron Allah."

Can sai sauran hoton ya buɗe. Ga kukarmu, ga tsohuwar rijiya. Wallahi gonarmu ce! Ga kuma Baba zaune a gabana.

Arɗon makiyaya ya sunkuyar da kai. Mai Unguwa ya nema mini mafita, ya ce, "Ko na'urar ce ta yi kuskure?"

Na buɗe baki zan ce e, Baba ya riga ni.

"Ba ta yi kuskure ba. Kunya biyar na ƙara bara. Zan mayar."

Ni na goyo shi a babur har gida. Sai da ya sauka ya gyara hularsa ya ce, "Gobe da safe ka same ni a can da fartanya. Kai za ka tuge gyaɗar."