Tulun da na yi wa Umma

Wata Laraba cikin watan Maris, ina shekara tara, wata huɗu da rasuwar Ummata, aka kwashi 'yan ajinmu a bas daga Levenshulme, unguwarmu a ƙasar Turawa, zuwa gidan tarihi. Yara na ta ture-ture wajen gawarwakin Masar, ni kuwa na maƙale gaban wani ɗan farin tulu mai dogon wuya. An zana wata mata a jikinsa, ɗauke da kwando a bakin kabari. Malamarmu ta ce mutanen Girka na dā sukan cika irinsa da man zaitun su kai wa mamatansu, wasu su tsiyaya madara da zuma a ƙasa, don kada wanda ya tafi ya ji an manta da shi.

Maganar ta tsaya mini a rai. Umma a asibiti take aiki, yawan wanke hannu ya sa fatarta tsagewa, kullum da safe sai ta shafa man zaitun kafin ta ɗaure mini gashi. Tun da aka binne ta, ba mu kai mata komai ba. A darasin zane na samu yumɓu, na gina tuluna karkatacce, na kai shi gida na shanya shi a kan hitar ɗumama ɗaki bayan labule. Da ya bushe, wata rana ina gama wanke-wanke, na ɗebi mai daga kwalbarta da har lokacin ba wanda ya iya taɓawa, na zuba a ciki.

Ranar Asabar Baba ya kai ni maƙabarta, ana yayyafi. Da na zaro tulun daga aljihun rigar sanyina, ya ce, "Hadiza, mene ne wannan?"

Na ce da Turanci, "It's for her hands, Baba," wato na hannuwanta ne.

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya durƙusa cikin taɓo da farar shaddarsa. "Uwata, mu ba mai muke kai musu ba. Addu'a ce take isa wurinta." Ya juye man a tafinsa, ya shafe mini hannuwa yatsa-yatsa. Muka ɗaga hannu, ya fara addu'a, ya kasa kai ta ƙarshe. Ni na ƙarasa da 'yar surar da na iya.

Yanzu Baba yana wurina a unguwar Perry Barr, ciwon mantuwa ya kama shi. Mutumin da ya koya mini yadda ake kewar mamaci, kullum da la'asar sai ya leƙa taga ya tambaye ni ko Umma ta taso daga aiki. Nakan ce masa tana hanya.