Gyaran da Na Nema a Ƙofar Wurin Lilo

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina cewa duk babbar kasuwar Lome babu wanda ya kama ƙafata wajen iya ciniki, na yi wani wayo da har yau bai sake ni ba. Sau da yawa nakan fara rubuta shi a nan, sai in goge. Yau dai na ce bari ku ji, tunda hutu ya zo, kuna ta turo min tallan rangwame kuna tambayata wanne ya fi.

Kayan roba nake sayarwa, su bokiti, baho, kula. Wanda ya san ni a Zango, unguwarmu ta Hausawa, ya san halina. Ban taɓa sayen abu a farashin farko ba, kuma ba na ɗagawa daga gaban mai kaya sai an ɗora min gyara. Ko tumatir na saya sai an ƙara min ɗaya, ko da ya fara ruɓewa. Matata takan ce duk ranar da ta fita da ni, kunya kawai take kwasowa. Ni kuwa a lokacin yabo nake ɗaukar maganar.

Yara uku ne a gidana. Biyu na haifa. Babbar kuma 'yar yayana ce, wanda ya rasu tana da shekara biyu, uwarta ta bi shi ba da daɗewa ba. Lokacin ko aure ban yi ba. Mahaifiyata ta miƙo min ita a tsakar gida ta ce, "Karɓi. Daga yau 'yarka ce, kada in ji an kira ta da wani suna a gidan nan." Ita ce mutum ta farko da ta kira ni Baba a duniya. Da ta yi wayo ta san labarinta, don a Zango ba a rasa mai gaya wa yaro abin da ba a tambaye shi ba, amma abin bai taɓa zama magana a gidanmu ba. Ɗinki ɗaya nake musu da salla, kwano ɗaya suke ci.

Shekarar da ta gama firamare ita ta zo ta ɗaya a ajinsu. Ta shigo da gudu, takarda a hannu, ta ce, "Baba, me za ka ba ni?" Na ce ta faɗa. Ashe ta daɗe da shirya amsarta. Wata ƙawarta ta nuna mata hoton wani wurin wasa a Ankara ta Gana, mai jirgin ƙasa na yara da motocin karo da wani ƙaton lilo mai kama da tayar keke, wanda in ya ɗaga ka sama har teku kake hangowa. A gaban mahaifiyata na buga ƙirji na ce an gama, duk gidan za mu je.

Daga nan fa aiki ya same ni. Sati uku na yi ina tona waya ina gwada wannan talla da wancan, kamar mai shirin sayen fili. Akwai na masu haɗa tafiya daga Lome, mota da masauki da tikiti a dunƙule. Na watsar da shi, don ga gwaggona zaune a unguwar Nima cikin Ankara, in biya kuɗin ɗaki a kan me? Akwai na rabin kuɗi, amma sai yamma ta yi, saura awa biyu a tashi. Shi ma na gano inda suka ɓoye wuƙar, na yi musu dariya. Na ukun shi ya kwanta min: tikitin iyali, kusan rabin kuɗi, yini guda cur. A ƙasansa an rubuta da ƙananan baƙaƙe, manya biyu, yara biyu.

A nan nake so ku fahimce ni. Ba wanda ya cuce ni. Na ga rubutun, na karanta, na gane. Har matata ta leƙa ta ce, "Mu fa biyar ne." Na ce mata, "Ke dai ki dafa abinci. Wannan farashin buɗe baki ne. Wa ya taɓa sayen huɗu aka hana shi gyaran ɗaya?" Haka kaina yake aiki a lokacin. A wurina duk abin da aka rubuta a takarda somin magana ne.

Mun tsallaka iyakar Aflawo da ƙafa da sanyin safiya, muka shiga mota. Matata ta dafa shinkafa da wake da ƙwai, ta cika kula biyu daga cikin kayan shagona, don na rantse ba zan sayi ko ruwan leda a can ba. Babbar ta sa kayan sallarta. A mota ta nuna min wani littafin makaranta inda ta jera wasannin da za ta hau ɗaya bayan ɗaya, ƙaton lilon a ƙarshe, wai a ajiye mai daɗi sai an gama. Muka kwana a gidan gwaggo, washegari da hantsi muna bakin ƙofar wurin.

Layi ne dogo, rana kuma ta fara zafi. Da muka iso taga sai na ga mai sayar da tikitin yarinya ce da mayafi, na ji tana amsa wa wata abokiyar aikinta da Hausa. Raina ya yi fari, na ce yau kasuwa ta yi kyau, 'yar gida ce. Na watsar da guntun Turancin da na taho ina haddacewa, na gaishe ta da Hausa har da tambayar mutanen gida. Na nuna mata tallan a waya.

Ta ƙirga mu da ido ta ce, "Alhaji, yara biyu ne a ciki. Na ukun sai ka saya mishi na daban."

Na ce, "Haba 'yata, daga Lome fa muka taso. Ki duba mu."

Ta ce, "Wallahi ba a hannuna yake ba. Na'ura ce take fitarwa, huɗu kawai take ba ni."

Ta faɗi kuɗin tikitin guda ɗaya. Ya kusa rabin na iyalin gaba ɗaya. Kuɗin kuwa suna aljihuna, har da ninkinsu, wannan ma ku rubuta ku ajiye. Ba rashi ba ne ya sa. Kawai dai na ji in na biya ba tare da na ja ba, an ci ni, kuma matata tana tsaye, za ta tuna min cewa ta faɗa.

Sai na yi abin da na saba. Na kaɗa kai na ce wa iyalina mu tafi, na yi taku biyar ina kasa kunne in ji an ce "dawo, Alhaji". Ba wanda ya kira ni. Na waiwaya na ga har ta karɓi kuɗin mutumin da ke bayana. Ƙananan suka fara kuka. Na dawo, na ba mutane haƙuri, na sake kutsawa gaban tagar.

A kasuwa idan farashi ya ƙi motsi, tausayi ake nema. Bakina ya san wannan hanyar tun kafin kaina ya yi tunani. Na kamo kafaɗar babbar na jawo ta gaban tagar, na rage murya, ko da yake ban rage yadda ya kamata ba, na ce:

"Duba nan. Biyun can su ne nawa, su ne na cikin tikitin. Wannan ba 'yata ba ce, marainiya ce, 'yar yayana, riƙonta kawai nake. Ki sa ta a gyara mana, ki samu lada."

Na ji kafaɗar ta sandare a hannuna. Matata ta kira sunan Allah a hankali. Mai tikitin ta dube ni, ta dubi yarinyar. Sannan ta ce, "Alhaji, ba a gyara da mutum. Za ka saya ko in kira na baya?"

Na saya. Cikakken kuɗi na biya, ba a rage min ko sisi ba.

A ƙofar shiga suna ɗaura wa kowa wani siririn abin hannu na takarda, shi ne shaidar ka biya. Na tikitin iyali shuɗi ne. Na tikitin mutum ɗaya kuma ja. Mu huɗu muka shiga da shuɗi, ita ta shiga da ja.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da na san ta inda zan fara lallashi. Ta sami benci a ƙarƙashin wata bishiya ta zauna kusa da kulolin abinci ta ce ita za ta tsare kaya. Matata ta yi juyin duniya ta tashi, yarinyar ta ce kanta ke ciwo. Na je da kaina ina washe baki na ce, "Tashi mana, ga lilonki can, an biya fa." Ta ce, "Na gode, na fasa." Ni da na rantse ba zan sayi ko ruwa ba, sai ga ni na sayo mata askirim mafi tsada a wurin. Ta karɓa da hannu biyu, ta miƙa wa ƙanwarta.

Ƙananan sun sha wasansu, ba su san me ake ciki ba. Na hau ƙaton lilon da su saboda ba a barin yara su kaɗai. Da muka kai ƙololuwa kowa yana ihu yana nuna teku, ni ƙasa nake kallo. Ina hango ta 'yar mitsitsiya a kan bencin, littafin nan a cinyarta, ba ta ko ɗago kai ba. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na lokacin nan ba.

Har muka dawo Lome ina ce wa raina fushin yara ne, kwana biyu zai wuce. Washegarin dawowarmu ina zaune a tsakar gida ina shan koko, ta zo ta durƙusa kamar kullum ta ce, "Tonton, ina kwana."

Wanda ba ɗan nan ba, bari in gaya masa. Tonton shi ne abin da yaranmu 'yan makarantar Faransanci suke kiran kowane namiji babba da ba ubansu ba. Ƙanin uba Tonton ne, maƙwabci Tonton ne, mai gyaran babur na bakin titi ma Tonton ne. Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Me kika ce?" Ta maimaita, cikin ladabi, idonta a ƙasa.

Mahaifiyata tana zaune a kan tabarma tana jin mu. Ta kira matata ɗaki, ba su daɗe ba ta fito. Na shirya jin faɗa, amma ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Shekara goma ina toshe bakin mutanen unguwa a kan yarinyar nan. Ashe ta cikin gida zan ji." Ta ɗauki butarta ta wuce. Ta yi wata guda ba ta ci abin da na sayo ba.

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na saya mata keke, ban taya ba, mai keken har ya tsaya yana kallona ko lafiya. Hutun da ya biyo baya na ce mu koma Ankara, ni da ita kawai, duk abin da take so ta hau. Ta ce, "Tonton, ka bar kuɗinka, ai na girma." Na yi fushi, na yi lallashi, na sa matata ta yi mata magana. Ba ta taɓa yi min rashin kunya ba ko sau ɗaya. Aike, wanki, gaisuwa, babu wanda ta fasa. Kalma ɗaya kawai ta ɗauke, kuma ba ta dawo da ita ba.

Sai da ta shiga makarantar koyon aikin jinya na iya buɗe baki na ba ta haƙuri sosai. Girman kai ne ya sa na kai wannan lokacin, ba wani abu ba. Na raka ta tasha, na tsaya ina kame-kame, daga ƙarshe na ce ta yafe min maganar da na yi a Ankara. Ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, Tonton, na daɗe da yafewa. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Yanzu tana aiki a wani asibiti a unguwar Bè nan Lome, ta yi aure, ni na ba da aurenta. Duk wata ita ke kawo min maganin hawan jini, ta zauna ta gwada ni, ta yi min faɗa a kan gishiri. Kowa a Zango yana cewa na yi sa'ar 'ya, kuma gaskiya ne. Magana ta wuce, ba wanda yake tayar da ita. Ni kaɗai nake jin abin da nake ji duk lokacin da ta yi sallama ta gaishe ni.

To masu tambayata wane rangwame ya fi, ga abin da na sani. Ku karanta ƙananan baƙaƙen nan, kuma ku yarda da su, ba farashin buɗe baki ba ne. In an ce huɗu, ku ƙirga mutanen gidanku tun kuna gida. In kuɗin bai kai kowa ya shiga da abin hannu iri ɗaya ba, ku kai su bakin teku, kyauta ne, ku ci shinkafarku a kan yashi ku dawo. Ni har yau ina ciniki, sana'ata ce, amma na daina neman gyara. Mai tumatir ɗin unguwarmu takan ɗora min da kanta, in ce ta mayar.

Akwai hoton ranar a falona, wani mai hoto ne ya ɗauke mu a bakin fita, shi ma sai da na taya. Matata ta sha cewa in cire shi, na ƙi. Mu huɗu mun ɗaga hannu muna nuna shuɗin abin hannunmu kamar yadda mai hoton ya ce. Ita tana gefe cikin kayan sallarta, ta mayar da hannunta baya.