Ƙafar Injiniya da Harsashin Shugaban Ƙasa

Mijina injiniya ne, amma da an bar shi da zaɓinsa malamin tarihi zai zama. Ina cikin suyar albasa sai ya tsaya a ƙofar kicin ya tambaye ni ko na san wanda ya fara haƙa rijiya a garin kaza. Shekara ashirin ina ce masa ban sani ba kuma ba na son sani, bai taɓa jin haushi ba, bai kuma daina ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Riyad, shi kuma yana duba aikin gini a wani kamfani. A unguwar Al-Badi'a muke zaune, 'ya'yanmu biyu suna karatu a Gusau wurin mahaifiyarsa, Hajiya. Yana ce min Sista, ina ce masa Injiniya, tun ana yi da wasa har ya bi bakinmu.

Wata Talata ya dawo yana ɗingishi. Ashe a wurin gini ya cire takalmin aiki zai yi alwalar azahar, ya zura silifas, ya taka ƙusa. Yana da ciwon suga. Na ce ya tashi mu tafi asibiti, ya ce in zauna tukuna. Saura sati uku a sabunta masa kwantiragi da takardar zama, kamfanin kuma yana rage ma'aikata, ga shi ya haura hamsin.

"Sista, in na kai musu takardar hutun jinya yanzu, khalas, shi ke nan, tikitin gida za su miƙo min. Sati uku ne fa kawai. Ke ba aikinki ke nan ba?"

Na san abin da ƙusa take yi wa ƙafar mai suga. Ni ce nake yi wa matan mutane faɗa a kan haka, har da nuna yatsa. Amma na yarda. Akwai tsoro a ciki, akwai kuma girman kai, don a ganina babu ciwon da zai gagari hannuna.

Sau biyu nake wanke masa kullum, da safe kafin mu fita, da kuma bayan magariba. Yakan zauna a falo, ya ɗora ƙafar kan kujerar roba, ya ɗauki wayarsa. A kwanakin nan ne ya kamu da labarin wani shugaban Amurka na ƙarni na sha tara, wanda aka harba a tashar jirgin ƙasa watanni kaɗan da hawansa mulki. Kullum sai ya gutsuro min kaɗan.

Wanda ya yi harbin, in ji shi, wani gantalalle ne da ya rubuta jawabin da kusan ba wanda ya saurara, ya ɗauka shi ya ci wa shugaban zaɓe, saboda haka dole a ba shi muƙami a Paris. Da aka gaji aka kore shi sai ya je sayen bindiga, ya zaɓi mai mariƙin hauren giwa don wai za ta fi kyau a gidan tarihi. Har gidan yari ya je ya leƙa tun kafin ya yi aika-aikar, ya ga ko wurin zai zaunu. Injiniya yana dariya har ƙafar na motsi, ina daka masa tsawa ya tsaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne harsashin bai kashe shugaban nan take ba. Ya fi wata biyu a kwance. Manyan likitoci suka yi ta zura yatsu cikin ramin suna neman harsashi, ba wanke hannu, ba komai, kuma a gefen da ba ya nan suke nema. Har mutumin da ya ƙirƙiro tarho ya zo da na'urar gano ƙarfe, ta yi ta ƙara a banza, wai ƙarfen katifa ne ya ruɗa ta. Ina sanye da safar hannu, na wanke hannu har gwiwar hannu, na ce ai waɗannan mahauta ne. Na ji daɗin kaina sosai a ranar.

A kwana na tara na ji wari. Shi ba ya jin zafi, suga ya riga ya kashe masa jin ƙafar. Ja ya fara hawa wajen idon sawu, na ɗauki biro na zagaye iyakarsa, yadda muke yi a wurin aiki. Washegari ya tsallake layin. Na sake ja, ya sake tsallakewa. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɗauko makullin mota. Ya riƙe hannuna ya ce an matso da ranar sa hannu, Lahadi ce, kwana biyu kacal. Sai na ajiye makullin, na je na samo masa maganin sha. Wannan ajiye makullin ne har yau ban yafe wa kaina ba.

A daren Asabar, bayan magariba, ya kawo ƙarshen labarin. Shugaban ya mutu, ruɓar ciwon ce ta cinye shi. A kotu mai harbin ya kafe cewa shi harbi kawai ya yi, likitoci ne suka kashe. Aka rataye shi duk da haka. Injiniya ya tambaye ni da ni ce alƙali me zan yanke. Na ce rataya, mana.

"To likitocin fa, Sista?"

Da wasa ya faɗa, wallahi, yana murmushi. Na ce ya miƙo ƙafa.

Ranar Lahadi ya sa hannu. Ya shigo gida da takardar yana rawar ɗari, jikinsa zafi rau. Muka wuce asibiti. Likitan da ya karɓe mu, wani dattijo ɗan Sudan, ya kwance bandejin a hankali, ya ga yadda aka naɗe shi tsaf, ya ga layukan biro uku, ya ɗago ya dubi kayan ma'aikatan jinya da ke jikina. Injiniya ya yi sauri ya ce shi yake wanke abinsa, matarsa ba ta sani ba. Likitan ya sa aka kwantar da shi. Aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, sannan ƙoda ta tsaya. Kwana goma sha ɗaya ya yi, ya rasu. A nan Riyad aka yi masa salla bayan la'asar, aka binne shi.

Hajiya ba ta ga gawar ɗanta ba, ni ta riƙe a madadinsa. Duk Juma'a sai ta sa a kira mata ni, ta yi ta sa min albarka, ta ce ta gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa cewa ɗanta ya yi dace, a hannun matarsa ya yi jinya. Shekara guda da rabi ina cewa amin.

Watan jiya ta ce min wani ƙurji ya fito mata a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Ita ma tana da suga. Na ce ta je asibiti a ranar. Ta yi dariya.

"A'a, 'yar nan, ba saura sati biyar ki zo hutu ba? Zan jira ki. Marigayi ya ce min duk asibitin nan naku babu mai hannu irin naki."

Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, ta ce ita ni take jira. Sai na gaya mata. Na faɗa mata ƙusar, da kwantiragin, da kwanakin da na yi ina kallon jan yana hawa alhali asibiti bai fi tafiyar minti goma ba. Ban rage komai ba. Da na gama, ta ce ta ji.

Washegari aka kai ta asibiti. 'Yata ta ce yatsan yana warkewa, alhamdulillahi. Yau Juma'a ta huɗu ke nan Hajiya ba ta sa an kira ni ba.