Shinkafa da Bandeji a Kurayyat

A garinmu, can kudancin Kaduna, idan zumuntar mata za su fita aikin taimako sai kowa ya sani. Zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ana buga tulu ana waƙa tun daga ƙofar coci har asibiti. Mu yi shara, mu wanke wa marasa lafiya kaya, mu yi musu addu'a da murya sama. Da wannan na tashi, shi ya sa shekarata ta farko a Jidda na ji kamar an ɗaure mini hannuwa ta baya.

Aikin jinya ya kai ni, a wani ƙaramin asibitin kuɗi, 'yan shekaru bayan shiga shekara ta dubu biyu. Ƙasar babu coci, ba a kuma yarda a gina ba. Mu Kiristocin Nijeriya da muka san juna muna haɗuwa ranar Juma'a, da yake ita ce ranar hutu, a falon wani injiniya a unguwar Safa. Shi ne dattijonmu. Baba muke ce masa, matarsa kuma Mama. Ba ma shiga gaba ɗaya, sai bibbiyu, kowa riƙe da kular abinci kamar an zo ziyara. Takalma a ciki ake tara su, kada maƙwabta su ga yawansu a ƙofa. A ƙure na'urar sanyaya ɗaki, a saki labule, sannan mu yi waƙa ƙasa-ƙasa kamar masu rarrashin jariri. Idan yara suka manta suka ɗaga murya, sai Mama ta harare su.

Tun ina baƙuwa na tambayi Baba ko ikilisiyar tana da wani aiki a waje. Ya yi murmushi ya ce in bari in sha ruwan garin tukuna. Na sha ruwan garin, na sake tambaya. Sai aka kafa kwamiti, aka sa ni a ciki. Watanni muna zama bayan sujada, muna shan shayi muna juya magana ɗaya: wa za a taimaka wa, ta yaya, idan aka kama mu wa zai amsa. Kullum a tashi a kan cewa a ci gaba da addu'a a kai.

Aikin da kwamiti ya kasa nemowa, shi ya zo ya same ni a bakin asibiti. Akwai wata mata da ke zama jikin katanga tana sayar da gyaɗa da goro a kan faranti, tana lulluɓe shi da gefen abayarta idan ta hango motar askar, wato 'yan sandan ƙasar. Bakatsiniya ce, ta zo Umara ta zauna. Wata rana ta ji ina waya da Hausa, sai ta tare ni. Bayan gaisuwa ta ce tana da gwaggo a Kurayyat, wata unguwa a nan Jidda, ƙafarta ta ruɓe, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka ba halin a kawo ta asibiti. Ta ce in taimaka in duba ta ko sau ɗaya ne, don Allah da Annabi.

Na kai maganar gaban jama'a ranar Juma'a. Baba ya daɗe yana murza goshi, sannan ya yarda, amma da sharaɗi. Ba gicciye a wuya, ba littafi a jaka, ba ambaton ikilisiya, ba addu'a a fili. Mace ba ta tuƙi a lokacin, don haka wani ɗan'uwa makanike zai riƙa kai ni, kuma dole matarsa ta zauna a gaba, kada a tsare mu a ce me ya haɗa shi da matar da ba tasa ba. Mata suka ce za su riƙa haɗa shinkafa da mai da madara. Ni kuma na ɗauki nauyin auduga da bandeji da ruwan gishiri.

Gidan yana cikin wani lungu da mota ba ta shiga, ruwan wanke-wanke na bin tsakiyarsa. Ɗakuna ne a jere, kowanne da iyalinsa, girki a tsakar gida. Tun daga ƙofar ɗakin na ji warin, na kuma san abin da zan tarar. Tsohuwar tana kwance a kan katifa a ƙasa, 'yar siririya, idonta tar. Ciwon suga ne ya ci mata diddige. An zuba masa toka, an shafa man zaitun, an ɗaure da tsumma. Na durƙusa na gaishe ta da Inna, ta amsa da 'yar nan, na kwance tsumman na fara aiki. Ina yanke mataccen nama tana damƙe da hannun mai gyaɗa, tana ta salati.

Daga nan duk sati sai na je. Matan gidan suka sa mini Hajiya Likita. Kafin in gama da Inna an yi layi a ƙofa: mai tari, mai ciki da ba ta taɓa zuwa awo ba, mai son a gwada mata jini. Ba abin da ke takura ni kamar kiran salla. Da an kira la'asar sai a shimfiɗa mini darduma, a miƙo buta. In ce hannuna da magani, ko in ce ana jira na a mota, sai na koma gida zan yi. Ni da aka yi mini tarbiyya a kan kada in ji kunyar bangaskiyata, ga ni ina laluben hanyar zillewa duk sati. A mota in yi ta mita, matar makanike tana ba ni haƙuri.

Wata rana da matan suka fita alwala, Inna ta riƙo gefen abayata ta ce, "'Yar nan, ke 'yar Mishan ce ko?"

Na tsaya da almakashi a hannu. Ta ce kada in damu. Tana yarinya akwai asibitin Mishan kusa da ƙauyensu, can aka yi wa mahaifinta maganin gyambo, kuma ta lura kafin in taɓa ƙafarta nakan rufe ido in motsa baki kamar yadda matan can suke yi. Na ce mata e, haka ne. Ta ce, "To ki riƙe naki in riƙe nawa. Allah ya biya ki. Ba mai ji a bakina." Daga ranar, da an kira salla ita ke cewa a ƙyale likita ta gama, sauri take yi.

Ƙafar ta fara kyau. Warin ya tafi, jan nama ya fara tasowa daga gefe. Na hana ta shayi mai sukari da ta saba sha safe da yamma, muka yi ta faɗa a kan haka kamar uwa da 'ya. Har ta kai tana dafa bango ta fita tsakar gida ta zauna cikin mata.

A wannan tsakanin ne wani saurayi ya shigo cikinmu, akawu ne a wani kamfani, sabon zuwa daga gida. Yana da zafin addini, ya iya addu'a, ya iya magana. Da ya ji labarin Kurayyat sai ya miƙe a taro ya ce wannan ba bishara ba ce, rabon shinkafa ne kawai, ko wanda bai san Allah ba zai iya yi. Ya ce muna wanke ƙafa muna barin rai. Baba kuwa ta ɗaya gefen yake ja. Shi a ganinsa ma na yi yawa, sati-sati ya zama al'ada, idanu za su fara ganewa, gara a mayar da shi wata-wata. Na rasa da wanda zan ji. Na ce wa saurayin ya zo ya ga ƙafar kafin ya yi mini wa'azi a kanta. Na ce wa Baba gyambo bai san wata-wata ba. Aka ce in yi haƙuri, a ci gaba da addu'a a kai.

Saurayin bai sake tayar da maganar ba. Sai ma ya karɓi aikin ɗaura kayan abinci a leda, muka ce Allah ya sauko da shi. Ashe 'yan ƙananan takardun wa'azi ya zo da su daga gida, masu Hausa da hoton gicciye a bango, yana cusa su a ƙasan shinkafa. Ni na ɗauka da hannuna na kai, ban sani ba.

Inna tana da ɗan ƙane, magidanci, haifaffen Jidda, yana sayar da kayan mota a can Kurayyat. Shi ke biya mata kuɗin ɗaki. Na taɓa ganinsa sau ɗaya ko biyu, mu gaisa daga nesa. Ranar wata Asabar aka ce ina da baƙo a bakin asibiti. Na fito na same shi tsaye cikin farar jallabiya. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini takardar a nannaɗe, ya mayar aljihu. Hausarsa a cakuɗe take da Larabci, amma na fahimce shi sarai. Ya ce matarsa ce ta gani tana auna shinkafa, kuma ba ita kaɗai ba, a ɗakuna uku aka samu. Ya ce a gidan akwai masu cewa a kai ƙara wurin 'yan hai'a, masu tsaron addini, shi ya hana, saboda abin da na yi wa gwaggonsa.

Na rantse masa ban san da ita ba. Ya ce ya yarda, gwaggo ma ta faɗa. Sannan ya ce, "Amma halas, shi ke nan, ya ukhti, 'yar'uwata. Kada ki sake zuwa. Idan askar suka shigo gidan nan saboda ke, ba ke kaɗai za su ɗauka ba. Duk wanda ba shi da iƙama ya tafi."

Na roƙe shi ya bar ni in ƙarasa, saura kaɗan ramin ya cike. Ya girgiza kai. Na ce to ya tsaya, na koma ciki na haɗo masa bandeji da ruwan gishiri da ƙwayoyi, na yi masa bayanin yadda za a riƙa wankewa. Ya karɓa ya yi godiya, ya tafi.

Juma'ar da ta biyo baya ban yi waƙa ba. Da aka gama sujada na faɗi abin da ya faru, ina kallon saurayin. Bai musa ba. Ya ce shi iri ya shuka, kuma an tsananta wa manzanni ma. Na tambaye shi wa aka tsananta wa a nan, shi da ke kwana a ɗaki mai sanyi da iƙamarsa a aljihu, ko tsohuwar da aka raba da mai wanke mata ƙafa? Muryata ta hau har Mama ta taso ta dafa ni, tana nuna mini bango. Ko faɗan ma ba a isa a yi shi da ƙarfi ba.

Na zaci Baba zai tsawata masa, a kuma nemi hanyar gyara, ko da a tura makanike ya ba ɗan ƙanen haƙuri. Baba bai ji komai a labarin ba sai kalmar 'yan hai'a. Nan take ya ce an dakatar da taro sai abin da hali ya yi, kowa ya yi sujada a ɗakinsa, kada wanda ya kira wani a waya. Aikin Kurayyat kuwa an rufe shi. Na ce tsohuwar fa? Ya ce, "'Yata, akwai yara a cikinmu, akwai masu iyali. Ba zan jefa su a wuta saboda mutum ɗaya ba." Na san ba ƙarya ya yi ba, kuma hakan ya fi ƙona mini rai.

Mai gyaɗa ce ta zama hanyata. In ba ta kayan wankin ciwo a leda, ita kuma ta kawo mini labari. Da farko ta ce ana yi yadda na ce. Daga baya ta ce matan sun gaji, ba mai jure ganin ramin, an koma toka da man zaitun. Sai ta ce warin ya dawo, yatsu biyu sun yi baƙi. Na ce ta roƙi ɗan ƙanen ya kawo ta ko cikin mota ne in duba ta a bayan asibiti. Ta dawo ta ce ya ce a'a, maƙwabta na sa masa ido. Inna dai ta aiko a gaishe ni, ta ce a faɗa mini ba ta koma shan sukari ba.

Bayan wasu watanni aka buɗe taro a wani gidan. Saurayin ya zo, har shi ya ja addu'ar buɗewa. Aka ce za a farfaɗo da kwamitin taimako, a yi tsari mai kyau a wannan karon, aka nemi in shugabanta. Na ce a ba wani.

A ƙarshe mai gyaɗa ta gaya mini an yanke shawarar Inna ta koma gida, ko da ƙafar za a yanke, a yanke ta a can cikin danginta. Mai son komawa ba tare da takardu ba, akwai wata gada a cikin gari da ake zuwa a zauna a ƙarƙashinta, har hukuma ta zo ta kwashe mutane ta kai su inda ake tsare su kafin jirgi. Wasu su yi kwanaki, wasu makonni. Can ɗan ƙanen ya kai ta da katifarta, mai gyaɗa ta bi ta don ta kula da ita. Daga ranar ban sake ganin ko ɗayansu ba.

Motar asibiti da ke mayar da mu masauki takan bi ta gefen gadar. Na koma zama ta jikin taga. Mutane ne birjik a kan kwalaye, da jakunkuna da yara, mata duk cikin baƙaƙen abaya, ba ka bambance wannan da waccan. Ƙafafu nake dubawa, ko zan hango farin bandeji a diddigen wata. Na taɓa roƙon direban ya ɗan rage gudu. Ya ce wurin ba a tsayawa, ya taka mota muka wuce.