Yatsan da Yake Kaiwa Kunne

A gidan talabijin ɗin kowa Bari-In-Ƙara yake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana zama gaban 'yan siyasa, ya bar su su yi ta zuba har su saki jiki, sannan ya kai yatsa kunnensa na hagu, ya karkata kai, ya ce, "Bari in ƙara ɗaya." Wannan ɗayar ce ke kayar da mutum. Sabbin 'yan jarida har kwaikwayon yatsan suke yi, a zatonsu alamar zurfin tunani ce.

Alhali danna ɗan abin sauraron da ke kunnensa yake yi, don ya ji Yaya da kyau.

Yaya furodusarsa ce, mai tsara masa shirin, ba su haɗa jini ba. Tana zama bayan gilashi cikin tulin takardu, da fensir soke a ɗankwali. Shi ɗan mai gyaran rediyo ne, ya tashi cikin muryoyin manya har ya iya irin tasu, ga fuska Allah ya ba shi. Amma ya san kansa: sai ya koma gida ya cire takalmi yake tuno abin da ya kamata ya tambaya. Ita kuwa tun ƙarya ba ta gama fita daga baki ba take cafke ta.

Ranar da wani ministan ayyuka ya rantse cewa an kammala gadar da ta haɗa unguwarsa da gari, ita ce ta raɗa masa ya tambaye shi ta wace hanya ya biyo yau. Minista ya yi shiru na daƙiƙa tara, kafin mako ya cika ya ajiye aiki. Daga ranar sunan Bari-In-Ƙara ya shiga kowane gida.

Da ya rubuta littafin rayuwarsa, babi guda ya ba wannan tambayar. Ya ce a lokacin ta faɗo masa. Ya gode wa matarsa, da mahaifinsa, har da telansa. Sau uku yana rubuta sunan Yaya yana gogewa, yana gaya wa kansa ai ita ba ta son a ambace ta.

Ana jibi ƙaddamarwa ya kai mata kwafi gida. Ta yi ritaya, ya same ta a baranda tana ninke wanki. A mota ya gaya wa kansa girmamawa ce ta kawo shi, amma tun kafin ya zauna ya gane so yake ya ji ko za ta tona. Ta ce 'yarta ta riga ta sayo mata, ta ɗauko nata. Ya buɗe babin gada. Gyara ɗaya ta yi da fensir: ranar da aka yi hirar ya rubuta Laraba, ta mayar Talata.

"Ƙanena, ka yi ƙiba," ta ce. "Kyamara ba za ta yafe maka ba."

Da zaginsa ta yi, da ya samu abin kare kai. Shayi ta ba shi.

Ranar ƙaddamarwa da hantsi zauren ya cika. Ya hango ta a layin baya, jaka a cinya. Wadda ta gaje shi a shirin ita ke masa tambayoyi, ta yi murmushi ta ce ya gaya wa jama'a yadda tambayar gada ta zo masa. Kafin ya ankara yatsansa ya kai kunne. Zaure ya fashe da dariya, an ga tsohon salo. Shi kuwa ya danna ya ji wayam, babu mai raɗa masa komai. Ya ƙirga shirunsa kamar yadda aka ƙirga na minista.

"Ba tawa ba ce," ya ce. "Ko ɗaya ba tawa ba ce. Ga mai su can."

Ya faɗi sunanta cikakke.

Mutane suka miƙe da tafi, amma shi suke kallo. Mai tambayar ta ce irin wannan tawali'u ya yi ƙaranci a zamanin nan. A bakin ƙofa layin masu sayen littafin ya ƙara tsawo, littafin da har yanzu babu sunanta a ciki. Ya ji wani ɓangare na zuciyarsa yana jin daɗin tafin, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Yaya ba ta miƙe ba. Da aka watse ta zo wucewa ta gabansa, ta gyara masa wuyan riga kamar yadda take yi kafin a kunna kyamara.

"Ka makara," ta ce. "Kullum sai ka cire takalmi."

Ya kira mai buga littafin tun yana cikin mota, ya ce a dakatar da bugu na biyu, akwai babin da zai sake. Mutumin ya tambaye shi wanne ne. Ya ce na Talata.