Ranar da Kiteriya Ta Ci Abincin Dona Ermelinda

Duk wanda na yanka wa tikiti ya shiga gidan Noronya, akwai idon da ke binsa bai sani ba. A bangon matakala akwai wasu 'yan ramuka da kakannin gidan suka huda don zura bakin bindiga, zamanin da mahara ke gangarowa daga duwatsu. Mahara sun daɗe da ƙarewa, amma Kiteriya ta gaji ramukan. Ta nan take leƙen baƙi, kuma har yau ba ta ga wanda ya yi mata kama da mutumin kirki ba.

"Piyedade, sa ido kan mai hular can," haka take ce min. "Wanda ya cika yabon cokali, aljihunsa yake aunawa."

"Haba Timai, fada ne fa, limamin coci daga Panjim."

"To sai me? Rigar fada ai ta fi ta kowa zurfin aljihu."

Timai nake ce mata, kamar yadda ake kiran goggo, ko da yake ba ta da ɗan'uwan da za ta nuna a duniya. Poskem ce, irin 'ya'yan riƙon manyan gidajenmu na Goa a Indiya, waɗanda ake ba sunan gida a hana su gadonsa. Tana 'yar mitsitsiya aka kawo ta hannun Dona Ermelinda, uwar gidan, ta tashi a ɗan ɗakin da ke bayan kicin, kuma a nan ta tsufa.

Gidan tun zamanin mulkin Turawan Fotugis aka gina shi da jan dutse, aka shafe shi da farar ƙasa, aka murɗe masa goshi da ado kamar coci. Tagoginsa na ɓawon kawar teku ne a madadin gilashi, ɗaya-ɗaya Kiteriya ke wanke su bayan kowace damina. Ita ke hawa tsani ta goge fitilun gilashi na falon rawa, ita ke kaɗe ƙurar murɗaɗɗun ginshiƙan ɗakin addu'a masu ruwan zinariya. Da Fotugis suka tafi, gonakin kwakwa suka koma hannun masu noma su, 'ya'yan gida suka watse Lisbon da Bombay. Dona ta mutu, rufi ya fara yoyo, magada suka mai da wurin gidan tarihi, aka zagaye kujeru da jar igiya. A ranar Kiteriya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yanzu kowa ya zama poskem, sai kallo ba zama.

Zarginta ba daga sama ya faɗo ba. Ranar da aka raba ta da uwarta, sabuwar riga aka sa mata. Da ta zama budurwa wani mai gasa burodi ya zo neman aurenta, Dona ta sallame shi daga kan baranda, da yamma ta miƙa mata sabuwar riga mai furanni. Tun daga nan in ta ga kyauta sai ta leƙa bayanta. Ni ina tsokanarta a kan haka, amma raina yakan ɓaci in na tuna.

Bara Bab Aleshu, jikan Dona, ya dawo daga Lisbon zai aurar da 'yarsa Zenaida a ɗakin addu'ar gidan. Bai kwana biyu ba Kiteriya ta hango ta ramin bindiga wasu maza sun shiga ɗakinta da igiyar awo. Ni kuma na tsinci sauran labarin a bakin direbansa: ɗakin za a fasa a yi wa baƙi wurin shan shayi, an kuma tanadar mata gado a gidan tsofaffi na sistocin coci a Margao. Ban gaya mata ba, na rasa ta ina zan fara.

Sai ga Bab Aleshu da kansa a ƙofar kicin, da ƙunshi a hannu.

"Kiteriya, ga 'yar riga. Jibi za mu yi abincin mabarata, muna so ki zauna a madadin kakata."

Da ya juya baya ta ɗaga rigar da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Ta uku ke nan. Ina za su kai ni, Piyedade?"

"Wa ya ce za a kai ki wani wuri?"

"Fuskarki ta ce. Ke ko ƙarya ba ki iya ba, ban san yadda mijinki ya zauna da ke ba."

Dole na faɗa mata. Na ce ta ƙi zuwa cin abincin, ta kulle ɗakinta ta zauna a ciki. Ta shafa rigar, can ta ce za ta je.

A wurinmu ba a ɗaura aure sai an ciyar da mamatan gida. Ana nemo talakawa, tsoho a madadin tsoho, tsohuwa a madadin tsohuwa, a zaunar da su kan tabarma, masu gida su durƙusa su yi musu hidima. Abin da suka ci, mamatan ne suka ci. An shimfiɗa tabarmar a tsakiyar falon rawa, daidai ƙarƙashin hoton Dona. Ina daga bakin ƙofa ina hango motar sistoci a inuwar mangwaro, wai wucewa ce ta biyo da su.

Kiteriya ba ta shigo ta kicin ba. Ta zagaya gaban gida ta hawo babbar matakala a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, irin tafiyar Dona sak. Aka zuba mata jar shinkafa da miyar kifi mai kwakwa a kan ganye. Ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, ta ce gishiri ya yi yawa. Tsofaffin da suka san Dona suka dubi juna, wata ta yi alamar gicciye.

Da aka gama, amarya ta durƙusa ta wanke mata hannu, ta yi tambayar da ake yi wa kowane mamaci.

"Kaka, kin ƙoshi? Akwai abin da ya rage miki a gidan nan?"

Sauran duk sun ce sun ƙoshi, sun sa albarka. Kiteriya ta wuce amarya da ido, ta kafe Bab Aleshu.

"Aleshu, matso nan. Wa ya ba ka izinin auna ɗakin yarinyata? Ni na kawo ta gidan nan, ni zan ce ta fita, kuma ban ce ba. A ɗakin nan za ta mutu. In ka ji, in sa wa 'yarka albarka."

Bab Aleshu ya yi murmushin yaƙe, ya waiga yana neman wanda zai taya shi dariya, bai samu ba. Dangin ango duk suna tsaye a jikin bango. Zenaida ta riƙe hannun tsohuwar gam, idonta ya cika da ƙwalla.

"Baba, ka amsa mata mana."

"Na ji, Kaka," in ji shi, murya can ƙasa.

Motar sistoci ta koma Margao ba kowa a baya. Wurin shan shayin a rumfar ajiye keken doki aka yi shi daga baya. Kiteriya ba ta yarda an gama ba, kullum da safe sai ta duba ƙofarta ko an yi mata alama da alli.

Da yammacin ranar na same ta a ɗakinta tana ninke rigar, ta ɗora ta kan biyun farko a ƙasan akwati.

"Timai, tsakaninki da Allah, da Dona ce za ta faɗi haka?"

"Ita? Da kanta za ta jefar min da akwati waje." Ta rufe murfin ta zauna a kai. "Tun ina yarinya nake kai saƙonta, ban taɓa ƙara mata kalma ɗaya ba. Yau na ƙara. In mun haɗu ta tambaye ni."