Lissafi a Gonar Babana

Jiya jikata ta shigo da wake a gwangwani, wai sabon salon koyarwa aka kawo musu, yaro ya koya da hannunsa. Sabo? Sai da na yi dariya.

Gab da samun 'yancin kai, ina elementare a Kibiya, Malam Sule ya raba mana filin gyaɗa, mu auna, mu shuka, mu lissafa. Babana ya zo daga Fammar ya tarar da ni riƙe da fartanya. Nan take ya ce in wuce mu tafi, karatu ya ƙare.

"Malam, in noma ne ai ina da gona. Akawu na kawo a mayar mini da shi."

"Lissafi yake koya, Baba. Kowace kunya sai ya auna ta."

"To su zo su auna kunyoyina, sun fi tsawo, sun fi ciyawa."

Ranar Asabar ajinmu kaf muka nome masa gonar. Ya bar ni na yi karatu, na kuwa zama akawun.

Yau ga takardun a akwati, ga ni a wannan gonar da fartanya. Awon dai ban manta ba.

Ku fa, ina naku karatun ya sauke ku?